Muhawara: kashi na biyu na Shazam, shin masu kallo sun yi masa adalci?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren Asabar da ta wuce na zauna da yarana uku muka kalli Shazam! Fury of the Gods, wato kashi na biyu na labarin yaron nan Billy Batson, wanda da zarar ya furta kalma guda sai tsawa ta faɗo masa ya rikiɗe ya koma ƙaton sadauki mai jajayen kaya. Na daɗe ina ɗage kallonsa, domin tun fitowarsa a watan Maris na 2023 ba na jin komai game da shi sai cewa ya faɗi warwas a kasuwa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yaran sun yi dariya har da riƙe ciki, musamman a wurin da aka aika wa Hespera, babbar cikin alloli mata uku da suka zo yaƙar su Billy, wasiƙa, alƙalamin tsafin nan ya rubuta duk wani surutun da yaran fim ɗin suka yi har da wanda ba na cikin saƙon ba, ita kuma dattijuwar ta miƙe tana karantawa fuska a murtuke kamar mai karanta hukuncin kotu. Autata sai da ta sa na mayar da wurin sau uku. Amma ni da na kashe talabijin na ji wani irin rashin gamsuwa wanda ban ji ba a ƙarshen kashi na farko. Ina so waɗanda suka kalla su taimaka mini: fim ɗin ne bai yi kyau ba, ko kuwa mu manya ne muke neman abin da ba don mu aka dafa ba?

Shugaban Zaure:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa, duk wanda bai kalli fim ɗin ba kuma yana da niyyar kallo, ya sani cewa za a tona ƙarshen labarin a nan, domin ba yadda za a yi wannan muhawara ba tare da an taɓa shi ba.

Akanta:
Malam Baban Ummi, bari in fara ajiye alƙaluma a gaba, saboda kalmar faɗuwa tana da ma'ana biyu kuma mutane kan haɗa su wuri ɗaya. Kashi na farko, wanda ya fito a 2019, ya tara kusan dala miliyan 367 a duniya, alhali kuɗin shirya shi bai wuce miliyan 100 ba. Kashi na biyu an kashe masa fiye da miliyan 100, amma abin da ya tara a duk duniya bai wuce kimanin miliyan 134 ba, kuma kada a manta cewa masu gidajen sinima suna ɗaukar kasonsu mai kauri daga wannan kuɗi, ga kuma kuɗin talla da ba ya cikin lissafin shiri. Abin da ya fi nuna girman asarar shi ne wannan: a Amurka, kashi na farko ya samu kimanin miliyan 53 a ƙarshen makonsa na farko kaɗai, shi kuwa na biyu ya buɗe da kimanin miliyan 30, kuma duk zamansa a sinimomin ƙasar bai kai miliyan 60 ba. To amma faɗuwar kasuwa tana nuna cewa mutane ba su je ba ne. Ba ta gaya mana abin da waɗanda suka je suka ji ba.

Malamar Adabi:
Akanta ya yi gaskiya a jimlarsa ta ƙarshe, kuma shi kansa daraktan, David F. Sandberg, ya faɗi wani abu makamancin haka bayan fitowar fim ɗin, inda ya ce a shafin Rotten Tomatoes, mai tattara sharhin fina-finai, wannan ne fim ɗinsa da masu sharhi suka ba maki mafi ƙasa, kuma shi ne wanda 'yan kallo suka ba maki mafi sama. Sai dai ni ina tare da masu sharhin, kuma ina jin na san sunan abin da ya dami Baban Ummi. Yaron ne ya ɓace daga fim ɗin.

Ku tuna kashi na farko. Labari ne na yaro ɗan shekara 14 da ya ɓace wa mahaifiyarsa a wurin wasan yara tun yana ƙarami, ya yi ta gudu daga gidan riƙo zuwa gidan riƙo yana nemanta, sai da ya same ta ya gano cewa ba ɓata ya yi ba, ganinsa ta yi a hannun 'yan sanda ta juya ta tafi. Wannan fitowar da suka tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, ya miƙa mata ɗan abin wasan da ya adana shekara da shekaru, ita kuma ba ta ma gane shi ba, ita ce ta riƙe fim ɗin gaba ɗaya. Duk barkwancin da aka yi a kan wannan rauni aka ɗora shi, shi ya sa dariyar take da nauyi. A kashi na biyu kuwa, Asher Angel, wanda yake fitowa a matsayin Billy yaro, da ƙyar za ka haɗa masa 'yan mintoci a fim mai tsawon sama da awa biyu. Kusan ko'ina Zachary Levi ne cikin jajayen kaya. Sannan ga wani abin da ya fi wannan damuna: idan Billy yana yaro sai ka gan shi natsattse, mai kunya, mai tauna magana, amma da ya rikiɗe sai ka ga mutum mai surutu da tsalle-tsalle kamar ɗan shekara goma. An ce mana ya kusa cika 18. Yaya za a yi mutum ya ƙara girma a jiki ya ragu a hankali? Mai kallo ba ya yarda cewa mutum ɗaya ne, kuma da zarar wannan yardar ta tafi, babu abin da ya rage sai walƙiya da rushewar gine-gine.

Ɗalibi:
Malama, ina neman afuwa, amma ina ganin kin tsananta. Ni ina ajin ƙarshe na sakandare lokacin da na kalle shi, kuma ban ga saɓani a halin Billy ba. Akwai abokaina da idan suna gaban iyayensu ko malamai ba ka jin ko tarinsu, amma da sun shiga cikinmu sai su zama su ne masu bakin aji. Jikin sadaukin nan kamar abin rufe fuska ne gare shi, idan ya shiga ciki babu mai ganin maraya, don haka yake sakin jiki. Kuma fim ɗin bai ɓoye cewa surutun na tsoro ba ne, tunda tun a farko-farkonsa an nuna Billy kwance a kujera yana zayyana wa likita cewa bai cancanci ƙarfin da aka ba shi ba, daga baya a gane cewa likitan yara ne ma ba na ƙwaƙwalwa ba.

Malamar Adabi:
Ɗana, wannan fassara taka ta fi abin da marubutan suka rubuta kyau, kuma da sun yi tunaninta da sun nuna mana ita ko da a fitowa ɗaya. Aikin mai shirya fim ne ya sa ta a allo, ba aikin mai kallo ba ne ya cike masa gurbi daga gida.

Ɗan Ci-rani:
Ina zaune a Amurka shekaru da dama, kuma ina so in ƙara haske a kan maganar cika shekara 18, domin ina zaton da yawa daga cikinmu ba su ji nauyinta ba. A nan, yaron da hukuma ta karɓe ko wanda ba shi da kowa, ana ba wa wani gida riƙonsa ne a ƙarƙashin kulawar gwamnati, ana kuma ba masu riƙon ɗan tallafi. Idan ya kai 18, a bisa asali ya fita daga tsarin, ko da yake jihohi da yawa yanzu suna bari a tsawaita zuwa 21 bisa wasu sharuɗɗa. Saboda haka tsoron Billy ba na wasa ba ne. Gidan Victor da Rosa, masu riƙonsa, shi ne wuri na farko da ya zauna ya ji yana gida, ga shi saura 'yan watanni takarda ta ce ba dole ba ne su ci gaba da riƙe shi. Shi ya sa ya matsa wa 'yan uwansa na gidan riƙo, waɗanda su ma suke rikiɗewa su zama sadaukai, cewa ko su fita aiki gaba ɗaya ko kada kowa ya fita, alhali Mary hankalinta yana jami'a, Freddy yana son ya yi suna shi kaɗai, kowa ya fara kama gabansa. Wannan ƙashin labari ne mai kyau ƙwarai. Kuskuren shi ne an ambace shi a farko, an dawo masa a ƙarshe, amma tsakiyar an cika ta da neman tuffar zinariya da sandar tsafi.

Game da dalilin da ya sa mutane ba su je ba, abin da na ji da kunnena daga abokan aikina shi ne, me za su je yi? A ƙarshen Janairun 2023, wato makonni shida kafin fitowar fim ɗin, sababbin shugabannin DC Studios, sashen da ke kula da fina-finan su Superman da Shazam, wato James Gunn da Peter Safran, sun sanar da sabon tsarin fina-finansu wanda kowa ya fahimta a matsayin sake zubi daga tushe. An kwashe shekaru fiye da goma ana koya wa masu kallo cewa kowane fim tsani ne zuwa na gaba, to ranar da aka ce musu tsanin nan ba ya kai wa ko'ina, sai suka zauna a gida.

Hajiya Mai Jikoki:
Na gode da wannan bayani, Ɗan Ci-rani, domin sai yanzu na fahimci abin da ya ɗaure mini kai. Ni na kalla ne tare da jikokina, kuma da yaron ya yi ta maganar za a kore shi idan ya cika shekaru, sai na ce a raina wace irin magana ce wannan. Ni kaina 'yar riƙo ce, gwaggona ce ta ɗauke ni tun ina yaye, a ɗakinta na girma, ita ta yi mini aure, kuma har ta koma ga Allah babu ranar da wani ya ce riƙona ya ƙare. Ni ma na riƙe 'ya'yan 'yan uwa huɗu, babbansu yanzu yana da nasa iyalin kuma har gobe Inna yake ce mini. Saboda haka wurin da ya taɓa ni a fim ɗin shi ne inda matar nan Rosa ta ce masa ba inda za shi, gidansa ne har abada, shi kuma ya kira ta uwa a karon farko. Na share hawaye a wurin, ba zan ɓoye ba. Amma Malama ta yi gaskiya, an yi wurin a gurguje kamar mai tsoron kada tuwo ya huce, nan da nan aka koma wa dodo.

Ƙorafina na biyu shi ne an ce mini fim ɗin barkwanci ne na yara, sai ga shi tun a farko an shiga gidan tarihi a ƙasar Girka an haukata mutane suna dukan juna, sannan aka mayar da su duwatsu. Daga baya kuma aka raɗa wa wani malamin makaranta magana a kunne, ya taka da ƙafarsa ya faɗo daga saman bene a gaban ɗalibinsa. Ƙaramin jikana ɗan shekara shida a ɗakina ya kwana ranar.

Akanta:
Hajiya, a Amurka an sa masa alamar PG-13, wato ana jan hankalin iyaye game da yaran da ba su kai 13 ba, don haka ba a ce na ƙananan yara ba ne. Kuma daraktan ɗan ƙasar Siwidin ne da ya yi suna a fina-finan ban tsoro, shi ya yi Lights Out a 2016 da Annabelle: Creation a 2017, ko a kashi na farko ma akwai wurin da dodanni suka cinye mutane a ɗakin taro. Hali zanen dutse ne.

Hajiya Mai Jikoki:
To ai ni ban san alamominsu ba, ɗana. Hoton da na gani mutum ne yana murmushi da walƙiya a ƙirji.

Ɗan Maraɗi:
Maganar Hajiya ta nuna matsalar da nake gani ita ce babba, wato fim ɗin bai san wa yake yi wa magana ba. Ya yi wa ƙananan yara tsauri, ya yi wa manya yarinta, su kuwa matasan da suka kalli kashi na farko suna 'yan shekara 13 ko 14, kafin na biyu ya iso sun shiga jami'a. Shekara huɗu ke tsakani, kuma a rayuwar matashi shekara huɗu zamani ne guda. An yi ta ɗage ranar fitowarsa, da farko saboda annobar korona, daga baya aka sa shi a Disambar 2022, sannan aka janye shi zuwa Maris, wanda kowa ya san gudun karo ne da kashi na biyu na Avatar. Da ya fito kuma, bayan mako ɗaya John Wick na huɗu ya shigo ya kwashe samari, bayan wasu kwanaki fim ɗin Super Mario ya zo ya kwashe iyalai. An guje wa giwa an faɗa tsakanin zaki da kura.

A wajenku a Najeriya ma ina jin babu wanda hankalinsa yake kan sinima a makon, domin ya fito ranar 17 ga Maris, washegari aka yi zaɓen gwamnoni, ana cikin wahalar takardun naira, kuma azumi ya kama bayan 'yan kwanaki.

Alaramma Ƙarami:
Ina bin muhawarar tun ɗazu, kuma akwai abin da ba a taɓo ba wanda a ganina ya kamata uba ya sani kafin ya zaunar da yaransa. Kalmar da yaron yake furtawa haruffan farko ne na sunaye shida: Solomon, Hercules, Atlas, Zeus, Achilles da Mercury. Na farkon nan Annabi Sulaiman ne, amincin Allah ya tabbata a gare shi, an jera shi tare da gumakan Girkawa da Rumawa da jaruman tatsuniyoyinsu, ana cewa daga gare shi yaron ya samu hikima. A kashi na farko an wuce wannan da sauri, amma a na biyu labarin gaba ɗaya a kan alloli yake, 'ya'yan Atlas mata uku sun zo karɓar ƙarfin da suka ce an sace wa ubansu, kuma kalmar allah ana ta jefa ta kamar sunan unguwa. Har ana yi wa yaron ba'a cewa hikimar Sulaiman ɗin ba ta kama shi ba. Ban ce kowa ya kalla ya yi laifi ba, wannan ba hurumina ba ne, amma ban ji daɗi ba.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri, Alaramma. Gaskiya babbar 'yata ta tambaye ni a kan wannan, na ce mata waɗannan tatsuniyoyin mutanen Girka ne na zamanin jahiliyyarsu, kamar yadda mu ma muke da labaran Gizo da Dodo, babu wanda yake bauta musu a fim ɗin. Amma maganar sunan Annabi Sulaiman ban lura da ita ba sai yanzu, kuma zan koma in yi musu bayani.

Malamar Adabi:
Damuwar Alaramma tana da tushe, kuma jeren sunayen tsoho ne, ba masu fim ɗin suka ƙirƙiro shi ba. Tun a wajen 1940 Bill Parker da C. C. Beck suka fito da wannan sadauki a mujallun zane na kamfanin Fawcett, a lokacin sunansa Captain Marvel, kuma akwai shekarun da mujallarsa ta fi ta Superman kasuwa, har kamfanin da ya mallaki Superman, wanda daga baya ya zama DC, ya kai su kotu bisa zargin kwaikwayo, suka daina buga shi a 1953. Daga baya DC ɗin ce ta karɓe shi, amma kafin nan abokiyar hamayyarta Marvel ta riga ta yi rajistar sunan, shi ya sa aka koma kiransa da kalmar da yake furtawa. Na kawo wannan tarihi ne don in nuna cewa sirrin farin jininsa tun asali shi ne mafarkin kowane yaro, wato a wayi gari ka fi duk wanda yake cin zalinka ƙarfi. Idan babu yaron, sadaukin ba shi da wani bambanci da sauran masu tashi sama da suka cika kasuwa.

Kuma ku lura da wanda mutane suka fi yabo a kashi na biyu: Freddy ne, wanda Jack Dylan Grazer ya fito a matsayinsa. Me ya sa? Domin shi an ƙwace masa ƙarfinsa tun da wuri, ya koma yaro mai dogara sanda, aka jefa shi kurkuku tare da tsohon matsafin nan da ya ba Billy ƙarfinsa, wanda Djimon Hounsou ya fito a matsayinsa, suna ta cacar baki, tsohon ko sunan yaron ya kasa riƙewa. A nan ne fim ɗin ya yi rai. Yaro mara ƙarfi da ya tsaya gaban dodo da sandarsa ya fi sadaukai shida masu walƙiya sa gaban mutum ya faɗi. Abin da aka ba Freddy shi ne aka hana Billy.

Ɗan Maraɗi:
Hounsou maƙwabcinmu ne, haifaffen Kwatano a Jamhuriyar Benin, kuma na ji daɗin yadda aka ba shi damar yin barkwanci a wannan karon, tunda yawanci fuska a ɗaure ake sa shi. Sai dai a kashi na farko mun gan shi ya narke ya koma toka, a nan kuma aka ce mana ai bai mutu ba. Daga nan na fara zargin cewa mutuwa ba ta da daraja a wannan labari.

Ɗan Ci-rani:
Ka kawo mu wurin da ya fi ɓata wa mutane rai, wato ƙarshen fim ɗin. Billy ya yanke shawarar shiga cikin ƙawanyar da aka rufe shi kaɗai da Kalypso, ɗaya daga cikin 'ya'yan Atlas, da dodonta a filin wasan baseball na Filadelfiya, ya san ba zai fito ba, ya yi sallama da iyalinsa, ya kashe dodon, shi ma ya mutu, har aka haƙa kabari aka binne shi. A sinimar da na kalla an yi tsit. Ba a yi minti biyar ba sai ga Wonder Woman ta bayyana da kiɗanta, ta taɓa sandar tsafin, yaro ya fasa kabari ya fito yana zolaya. Matar da ba ta cikin labarin, wadda ba ta sha wahalar komai ba, ita ce ta warware shi. Abin takaicin ma shi ne kamfanin da kansa ya nuna fuskar Gal Gadot, wadda ta fito a matsayin Wonder Woman, a tallan talabijin kwanaki kaɗan kafin fitowar fim ɗin, don haka ko mamakin ma an riga an sayar da shi.

Ɗalibi:
Amma Yaya, tsakani da Allah akwai wanda ya zaci za a bar yaro ɗan shekara 17 a kabari a fim irin wannan? Da an yi haka da Hajiya ce za ta fara kawo ƙara. Ni abin da ya burge ni shi ne ya yarda ya mutu, kuma a lokacin da ya yarda bai san za a tashe shi ba.

Ɗan Ci-rani:
Ba cewa nake a bar shi a kabari ba, ƙanena. Cewa nake da hannun 'yan gidansu ya kamata ya tashi, ko ta Anthea, autar 'ya'yan Atlas, wadda ta rasa ƙarfinta saboda ta tsaya musu, ko ta wata dabara ta Freddy. Fim ɗin da ya yi awa biyu yana cewa iyali shi ne komai, har da zolayar Helen Mirren, wadda ta fito a matsayin Hespera, da fina-finan tseren motocin da ita ma take ciki, bai kamata a ƙarshe ya kira baƙuwa daga waje ta yi aikin ba.

Akanta:
Ni wurin da na ajiye cokali shi ne na dawakai masu ƙaho ɗaya. An gina su a matsayin halittu masu ban tsoro waɗanda duk sauran dodanni suke shakka, na ce to ga sabon abu, sai ƙaramar yarinyar nan Darla ta zaro alawar Skittles ta watsa musu, har ta faɗi taken tallan kamfanin da bakinta, ba sau ɗaya ba. A aikina na san yadda ake rubuta irin wannan yarjejeniya, amma akwai bambanci tsakanin a ga kwalbar lemo a kan tebur da a tsayar da yaƙi a yi maka talla.

Baban Ummi:
Akanta, ka yi haƙuri, wannan wurin shi ne na biyu a jerin abin da yarana suka fi so, kuma washegari sai da na tsaya a kanti. Ina jin wannan ya tabbatar da maganarka ta wata fuskar.

Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina ganin Malama ce ta sa yatsa a kan abin da ya dame ni, ko da yake Ɗalibi ya sa na sassauta. Jiya da daddare na tambayi ɗana na tsakiya, mai shekara 12, wane ne Billy a fim ɗin, sai ya nuna mini mai jajayen kayan. Na ce a'a, yaron fa, wanda yake rikiɗewa? Ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce ai shi ya zaci Freddy ne yaron fim ɗin. Shi bai kalli kashi na farko ba, kuma na yi alkawarin nemo musu shi wannan makon.

Hajiya Mai Jikoki:
Idan za ka sa musu, ka tsallake wurin ɗakin taron nan da Akanta ya ambata, ko ka tura autar ɗebo ruwa kafin ya zo.

Malamar Adabi:
Amma kada ka tsallake wurin ƙofar mahaifiyar, ko da sun ce ya yi shiru da yawa. Idan kun gama ka sake yi wa ɗan naka tambayar, ka zo ka gaya mana wanda ya nuna.